Kututturan Hanyar Wara

Shanga, 3 ga Yuli

Zuwa ga Murjanatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da Inna lafiya. Na rubuto ne don ba kya ɗaukar wayata. Direban motar kifi zai miƙa miki.

Sakamako ya fito, rukuninmu ya sami arba'in da biyar. Wata uku ni da ke da Lukman muna gina mataki ɗaya na wasan kwamfuta: jirgi daga Wara zuwa Yelwa, mai wasa yana kauce wa kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. Ke kika zana tafkin, Lukman ya sa ƙarar inji, ni na yi wurin da jirgi ke kifewa in ya yi karo. Kin ga abin da ya faru ranar gwaji. Malam ya bi ta kan kututture bakwai, jirgin bai ko girgiza ba. Da kuka fita na ce masa ni na ɓatar da aikina.

Ban ɓatar ba. Ke kaɗai kika riƙe kwamfutar ranar Laraba. Ba faɗa nake nema ba, dalili nake so.

Taki,
Grace Tanimu

Wara, 9 ga Yuli

Grace,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Inna tana amsawa.

Ni na goge. Na taɓa gaya muku Baba ya rasu, ban faɗi yadda anka yi ba. Direban jirgi ne. Ina shekara goma sha ɗaya jirginsa ya hau kututture ran kasuwa, mutum tara sunka tafi, har da shi.

Zanen ruwa bai dame ni ba. Amma ranar Laraba na buɗe naki, na ga fasinjoji suna ɗaga hannu, ruwa ya rufe su, sai rubutu ya fito wai a sake gwadawa. Na danna, sunka dawo cikin jirgi zaune. Sau uku na yi, sannan na goge. Kunya ta hana ni ɗaukar wayarki.

In an koma zan gaya wa Malam gaskiya. Ki yafe mini.

Murjanatu Umaru

Shanga, 15 ga Yuli

Murjanatu,

Ina gaisuwa. Allah ya jiƙan Baba da waɗanda suka tafi tare da shi.

Na ji tausayinki, kuma har yanzu ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Tare muke cin abinci wata uku. Da kin yi magana, da mun zauna mun gyara.

Na kira Malam, ya yarda mu sake gabatarwa a makon farko in an koma makaranta. Lukman ya ce zai zo, amma ba zai sake shiga rukuni da ke ba. Ina da kwafin aikina a filash, ga shi cikin ambulan. Ki duba, ki ce a bari ko a cire. Abin da kika ce shi za a yi.

Ki gaishe da Inna.
Grace

Wara, 22 ga Yuli

Grace,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso.

Na nuna wa Yaya Surajo, shi ke tuƙa jirgi yanzu a gidanmu. Ya buga wasan, jirginsa ya nutse sau huɗu. Daga baya ya ce kututturanmu duk ba nan suke ba. Ya karɓi biro ya zana su a takarda, goma sha shida, ya kewaye wanda jirgin Baba ya hau. Ya ce, "A bar kifewar. Masu koyon tuƙi su gani a nan, kada su gani a ruwa."

A bari. Ni zan gyara taswirar.

Ruwa ya ja yanzu, kawunan kututturan suna waje. In za ki zo ranar Asabar, zai kai mu mu gani. Inna ta ƙi kallon wasan. Ta dai tambaya ko kina cin yaji.

Taki,
Murjanatu