Ƙwayar da nake ɓoyewa a aljihu

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi dariya, don a gidanmu kowa ya riga ya yi. Ban yi boko ba, allo na yi. Da ajami na rubuta wannan, abokina tela ya juya miki shi zuwa boko.

Kakata, wadda nake ce wa Amarya ita kuma take ce mini Angon Banza, tana da hawan jini, ga sukari, ga ƙoda ta fara ba da matsala. Ni ke kai ta asibitin unguwa duk wata, ni ke kai ta babban asibiti duk wata uku. Kati biyu, fayil biyu, likita biyu, kuma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Can a tambaye ta me ake ba ta a nan, ta ce wata 'yar fara. To duk farare ne!

Da yake ba na karanta kwalin, sai na raɗa wa kowane magani suna, na rubuta a jiki da ajami. Akwai Sarkin Fitsari, akwai Mai Ɗaci, akwai Ɗan Safe. Wancan watan babban asibiti suka ƙaro wani mai jan kwali, na sa masa Baƙo. Tun zuwan Baƙo, Amarya ba ta miƙewa sai ta dafa bango. Ranar Laraba jiri ya kayar da ita a ƙofar banɗaki, goshinta ya fashe.

Anti, ni mutum ne da malam ya taɓa zanewa a kan ɗigo ɗaya da na bari a allo. Na ajiye kwalin Baƙo kusa da na Ɗan Safe. Manyan rubutun sun bambanta, amma akwai ƙananan haruffa a ƙasa, guda goma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Wallahi iri ɗaya ne.

Na gaya wa Yayanmu, shi ne mai digiri. Ko kallon kwalin bai yi ba, ya ce yaushe na zama likita. Ban ga laifinsa sosai ba. Bara na maƙe murya na kira shi a waya, na ce daga asibiti ne, kakarsa ta haifi tagwaye. Sai da ya taso daga ofis. Tun ranar, ko gobara na ce ana yi sai an leƙa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Yau kwana huɗu nake ɓallo Baƙo in sa a aljihu maimakon in ba ta. Jirin ya ragu, har ta dawo da zagina. Amma in na yi kuskure fa? In wannan ce ke riƙe mata ƙodar? In wani abu ya same ta, za a ce wasana ne ya kashe ta, ni ma haka zan ce.

Angon Tsohuwa

Amsa

Ɗana, ban yi dariya ba, sai a wurin tagwayen.

Idonka ya yi aiki. Magani ɗaya yakan zo da sunayen kamfani daban-daban, kuma ƙaramin rubutun nan yawanci shi ne ainihin sunansa. Yana yiwuwa kakarka tana shan abu ɗaya sau biyu. Amma yana yiwuwa na ce. Ni ban ga kwalin ba, kuma dakatar da magani ba hukuncinka ba ne, ba nawa ba. Mai ciwon ƙoda ba a yi mata gwaji a aljihu.

Kada ka jira ranar da aka ba ku. Gobe da safe ka zuba duk magungunan a leda ɗaya, har da ƙwayoyi huɗun nan, ka ɗauki katunan biyu da ita kanta, ku je asibitin unguwa. Ka faɗi faɗuwarta, ka faɗi kwanakin da ka hana ta, kada ka rage komai, don da wannan za su auna jininta su gane. Ka roƙi likitan ya rubuta duk magungunanta a takarda ɗaya, ya kuma ba ka wasiƙa zuwa babban asibiti. Daga yau takardar nan ta riƙa bin ta ko'ina, duk wanda ya ƙara ko ya rage ya rubuta a ciki. In ta sake faɗuwa ko numfashinta ya sauya kafin nan, ku wuce babban asibiti nan take.

Yayanka kuwa yana da hujja, kai ka ba shi. Kada ka yi masa rantsuwa, ya saba jin ta. Ajiye masa kwalayen biyu da tsinken, ka ce ya karanta maka. Kwali bai taɓa maƙe murya a waya ba.

Allah ya ba Amarya lafiya, ya bar ta ta daɗe tana zaginka.