Farar da Mama Nakimera Ba Ta Ci

Kampala, Nuwamba 2003

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen Giginyu. Ni ƙalau nake. Na ɗan rame, amma laifin tuwon ayabarsu ne, kada Inna ta damu.

Yanzu lokacin fara ne a nan. Da na gan ta a kasuwa sai kewar gida ta taso mini. Na soya da yajin Inna, na kai wa Mama Nakimera, mai gidan da nake haya. Sai ta janye hannu! Na ce shi ke nan, na rasa ɗaki.

Ashe a nan kowace zuriya da dabbarta, tasu kuwa Fara ce. Duk garin na ci, su ba sa taɓawa. Ta zaunar da ni tana jero sunayen kakanninta kamar karatu. Baba, babu Hisba a kanta, babu alƙali, ita ke tsare kanta. Abin ya burge ni.

Daga nan ta ce, "Ku fa, wace dabba ce taku?"

Na tuna Kaka na cewa da can muna da kan gida, dabbar da ba ma ci. Don Allah ka tambaye ta tun tana ganewa.

'Yarka,
Lai'atu