Fuskar Baban Tabita

Lanham, 9 ga Disamba, 2007

Maigidana Kambai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya sanyin Iraƙi, yaya abokan aikinka? Mu lafiya lau, sai kewarka.

Baban Tabita, 'yarka ta kunyata ni ranar Asabar. Muna kanti ta hango wani soja, ta fizge hannunta, ta ruga ta rungume ƙafarsa tana kiransa Baba. Bawan Allah ya yi murmushi, ni ma na yi dariyar yaƙe, amma da na shiga mota sai da na yi kuka. Ka tafi tana rarrafe, ga shi yanzu duk mai kaki ubanta ne. Laifinka ne kuma! Kowane hoto ka aiko, hular kwano da baƙin tabarau, ko ni da kyar nake gane ka. Tsoro nake ji ka dawo ta wuce ka.

Matan sojoji na cocinmu sun cika bishiyoyinsu na Kirsimeti da ƙyallaye ruwan ɗorawa da hotunan mazansu cikin kaki. Ni ban rataya hoton kaki ko ɗaya a tamu bishiyar ba. Na kwaso hotunanka na gida: na aurenmu, na gonar citta a Kaciya, da wanda kake cin masara, kunnuwan nan naka a buɗe kamar faifai. Maƙwabciyata Sailuba, Bazazzagiyar nan, ta huda su ta sa musu zare, tana ta yi mini tsiya wai wannan ba bishiya ba ce, shagon mai hoto ne. Mun rataye su a rassan ƙasa, daidai tsawon Tabita. Saman kuwa tsirara yake, ko a jikina.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Selina

Lanham, 28 ga Disamba, 2007

Maigidana Kambai,

Ina gaisuwa da fatan ka yi Kirsimeti lafiya. Mun ci shinkafa da Sailuba da yaranta.

Kullum da safe Tabita takan je gindin bishiya ta gaishe ka. Hoton masarar har ya yi laushi don sumba.

To, ga albishir! Ranar Kirsimeti wani soja da ya zo hutu ya shigo coci da kakinsa. Gabana ya faɗi, don tuni Tabita ta nufe shi. Ya durƙusa ya miƙa mata hannu. Ta tsaya ta ƙare wa fuskarsa kallo, ta leƙa kunnensa, sai ta girgiza kai ta dawo ta ɓuya a bayan zanena. Ban taɓa murnar 'yata ta yi wa baƙo ƙiwa ba sai ranar.

An ce a watan Maris za ku sauka. Don Allah kafin ka fito inda muke jira, cire hula da tabarau. Sauran aikin ka bar mata.

Taka har kullum,
Selina