Motar Kawu Ta Iso a Makare

Zuwa ga Yaya Mamman a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan Batsari sai godiya.

Yaya, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Inna Rabi, matar Kawu Isa, rasuwa ranar Laraba.

Tun kaka ciwo ya kwantar da ita, ko jaki ba ta iya hawa. Shi ne Kawu ya sayar da shanunsa da ke kiwo a ƙauyen Ruma, ya tafi kamfanin motoci a Kano, ya sayo ƙaramar mota sabuwa dal don ya kai ta asibitin Katsina. Baturen kamfanin ya ce sabon inji sai an lallaɓa shi, kada direba ya ba shi wuta. Kawu kuwa ya ɗauki abin kamar horon sabon takarkari: da sun ɗan taɓa tafiya sai ya ce a tsaya mota ta huta a inuwa. Kwana uku suka yi a hanya. Suna shigowa gari, muna dawowa daga maƙabarta.

Masu yi masa dariya su ji tsoron Allah. Wa ya taɓa sayen mota a zuriyarmu? Tun ranar ya lulluɓe motar da zana, bai ƙara kallonta ba. Jiya ya ce mini, "Sani, na tausaya wa ƙarfe, na bar mutum."

Don Allah ka rubuto masa, maganarka yake ji. Ka gaishe da mutanen gida. Ka sa Inna cikin addu'a, amma kada ka manta da Kawu. Ita ta huta, shi ne bai huta ba.

Ƙaninka,
Sani