Sun Karɓe Sandar, Amma Titin Yana Nan

Thornsea, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Glenda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Trevor da yara da jikoki. Yaya ƙugun naki? Trevor ya ce tun mako na biyu da yi miki aiki kika koma shara da goge-goge, likita yana faɗa kina yi masa kunnen ƙashi. Ban yi mamaki ba, ai na san halin kayana. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun watan jiya, ku kuwa can Ostareliya kuna kukan zafi. Maigidana Malcolm gwiwa ta matsa masa, amma ba ta hana shi zuwa kamun kifi ba, kullum ya dawo da mura ba kifi. 'Yata Joanne an mayar da ita aikin rana a asibiti, yanzu muna ganinta ranar Lahadi.

Na zaɓi in rubuto da hannu ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Na ga saƙonki, inda kika ce in sa hannu a takardar 'yan sanda a wuce wurin, wai shekaruna sun wuce na rigima. Amsata a'a ce, Yaya. Amma rabin labarin kawai Joanne ta ba ki, don haka zauna ki ji sauran.

Kin san ɗakin canja kaya na mata a wurin ninkayar garinmu, wancan mai dogayen benci ba ko labule. A watan Satumba masu kula da wurin suka liƙa sanarwa cewa duk wanda ya ɗauki kansa mace, ko da namiji aka haife shi, zai iya shiga. Ke kin san abin da ke ƙarƙashin rigata tun da aka cire mini nono shekara shida da suka wuce. Ko Malcolm sai da na yi wata takwas kafin na bari ya gani. Sai na shiga zauren garinmu na Facebook, inda aka saba cigiyar kyanwa da tallan tsohuwar kujera, na rubuta layi huɗu. Na ce ni tsohuwa ce mai tabo a ƙirji, ba zan tuɓe a gaban mai jikin namiji ba ko da wane suna yake amsawa, a sa mana labule ko a ware wani ɗaki. Ban zagi kowa ba, ban ambaci sunan kowa ba. Na ajiye wayar na je na ɗora dankali.

Bayan kwana tara, ina dawowa daga tsallakar da 'yan makaranta titi da safe, rigar aikina ko bushewa ba ta yi ba, sai ga 'yan sanda biyu a ƙofa, mace da namiji. Na ɗauka Joanne ce ta yi hatsari. Shi kuwa Malcolm, Allah ya shirye shi, har ya fito da kofunan Mama na baƙi da gwangwanin biskit. Suka zauna suka sha shayina, sannan macen ta buɗe littafi ta karanto mini maganata da muryar da ake karanta sakamakon asibiti. Na tambaye ta wace doka na karya. Ta ce babu. Na ce to kama ni za a yi? Ta ce a'a, ba laifi ba ne, amma wani ya ji zafin maganar ya kai ƙara, don haka an rubuta ta a matsayin abin ƙiyayya da bai kai laifi ba. Na ce wa ya kai ƙarar, ta ce ba a faɗa. Na ce a ina zan kare kaina, ta ce babu shari'a balle kariya. Namijin, wanda bai kai Joanne shekaru ba, ya ƙara da cewa sun zo ne su taimaka mini in riƙa tunani kafin in yi rubutu. Wallahi Yaya, ban san lokacin da na ɗauke gwangwanin biskit ɗin daga gabansa ba.

Da abin ya tsaya nan da na yi dariya na manta. To kin san duk mai aiki da yara sai an sake tantance shi lokaci-lokaci, ni kuma nawa ya faɗo a Oktoba. Takardar tantancewar ta dawo da layi biyu a ƙasa kan abin da 'yan sandan suka rubuta. Mista Ackroyd na ƙaramar hukuma, mai kula da mu masu tsallakar da yara titi, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, sai dai tsoron inuwarsa yake yi. Yana magana yana kallon teburi, ya ce an dakatar da ni har kwamiti ya zauna ranar sha huɗu ga Nuwamba, in kawo riga da hula da sanda. Shekara goma sha tara ina tsaye a mararrabar titin Mill da sandar nan mai allon tsayar da motoci, ruwa da ƙanƙara, ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi a hannuna ba. Na miƙa masa ita na fito, sai da na kai tashar bas sannan na yi kukana.

Takardar da kike cewa in sa wa hannu, ga abin da ke cikinta. In amince cewa maganata ta cutar, in goge ta, in je wani darasi na rabin yini a koya mini yadda ake magana. Mista Ackroyd ya ce idan na yi haka kwamiti zai sassauta. Wato in amsa laifin da su da bakinsu suka ce ban yi ba. In na yi laifi a kai ni gaban alƙali, in sa rigata ta coci in je in amsa. In ban yi ba a goge sunana. Wannan ta tsakiyar, ba kamu ba saki, ita ce ba zan haɗiya ba.

Yanzu ga abin da Joanne ba ta gaya miki ba, don ita ma ba ta sani ba. Kin tuna Kieran, ɗan gidan Pickersgill na bayan coci, mai jan gashi, wanda ba ya tsallaka titi sai ya riƙe gefen rigata? Shekara biyar ke nan da ya koma rayuwar mace ya zama Imogen, tana aiki a kantin magani. Imogen nake kiranta, don sunan da ta ce a kira ta ke nan, kuma ba a yi mini tarbiyyar wulaƙanta mutum a fuskarsa ba. Garin nan kaf kowa ya ɗauka ita ta kai ni ƙara, ni ma haka na ɗauka. Mako biyu ina aika Malcolm karɓo maganina don kada mu haɗu. Ranar Alhamis ya kwanta da murarsa, dole na je da kaina.

Ta miƙo mini maganin, ta ce in jira ta a bayan kanti. Na tsaya wurin kwandunan shara na shirya faɗa. Ta fito ta ce ba ita ba ce, ba ta ma san wanda ya yi ba, kuma ba ta taɓa taka ƙafa wurin ninkayar nan ba tun tana makaranta, don tsoron irin kallon da za a yi mata. Sannan ta ciro waya ta nuna mini abin da aka rubuta a ƙarƙashin maganata bayan na tafi dafa dankali. Yaya, ƙazanta ce da ba zan iya maimaitawa a takarda ba. Wani da ba ya amfani da sunansa ya sa hoton ƙofar gidanta da lambar gidan, ya ce a je a gyara mata zama. Sau uku tana kiran 'yan sanda. Suka ba ta lambar ƙara a waya, suka ce ta riƙa kulle ƙofa, gano mai shi zai yi wuya. Har yau ba wanda ya je. Ta ce da ta ji mutum biyu sun zo gidana sun sha shayi, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa, wai ni ai ba wuyar samu gare ni ba, kowa ya san inda nake tsayawa ƙarfe takwas.

Kada ki ɗauka rungumar juna muka yi. Ta wanke ni tas. Ta ce maganar "mai jikin namiji" ta soke ta, don daga bakina ta fito, ni da na san ta tun tana riƙe rigata. Ta ce ni na buɗe ƙofa na tafi kicin, karnuka suka shigo. Na ce mata a kan ɗakin canja kaya ina nan a kan bakana, ba zan janye ko harafi ba. Ta ce ta sani, taurin kaina ai ba sabo ba ne. Amma maganar ƙofar ta zauna mini, don gaskiya ce. Garin nan mutum nawa ne irinta? Ko ban ambaci suna ba, kowa ya san inda zai kalla, ni ce ban yi wannan tunanin ba. Na dube ta na ce, "Imogen, na bar ki ke kaɗai da su, ban ko waiwaya ba. Ki yafe mini wannan." Ta ce za ta duba. A ranar na koma zauren na rubuta wa mai hoton, da cikakken sunana, cewa shi matsoraci ne, in yana neman ƙofa ga tawa, lamba goma sha biyu. Malcolm ya ce saura 'yan sandan su dawo shan shayi karo na biyu.

Kin gani ke nan, haƙurin da ya kamata in bayar na riga na ba mai shi, ido da ido, a bayan kanti. Ba zan sake ba wa wata takarda shi ba don wani ya cika fayil. Jiya Mista Ackroyd ya gaya mini, a ɓoye wai, cewa Imogen ta aika wa kwamiti wasiƙa. Ta ce ba ta yarda da ra'ayina ba ko kaɗan, ni tsohuwa ce mai kafiya, amma ba ta ga abin da ya haɗa wannan da tsallakar da yara ba, a mayar mini da sandata, 'yan sanda kuma in suna da lokaci ga adireshinta. Ban sani ba ko zai yi amfani. Mai yiwuwa ranar sha huɗu su sallame ni gaba ɗaya, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Aikin nan shi ya tashe ni daga gado bayan asibiti, lokacin da ko madubi ba na son gani.

Ba su sa kowa a madadina ba, wai babu ma'aikaci. Kin san manyan motocin da ke gangarowa daga tashar jiragen ruwa ta titin Mill. Litinin ta farko na zauna a gida ina kallon agogo. Talata na ɗauki rigar ruwan Malcolm ta kamun kifi, wannan ruwan ɗorawa mai ƙarni, na fita. Ba ni da sanda, ba ni da ikon tsayar da ko keke. Ina dai tsayawa a bakin titi har yara su taru, in hanya ta yi sarari in tsallaka, su biyo ni, in dawo. Direbobin sun san fuskata, suna rage gudu da kansu. Mista Ackroyd ya bugo waya a ruɗe, ya ce an dakatar da ni fa. Na ce masa burodi nake zuwa saya a tsallake, sai in na isa in manta abin da ya kawo ni, tsufa ne. Ya ce sau nawa? Na ce yau sau ashirin da uku. Ya ce in dai riƙa duba dama da hagu.

Don haka ki daina sa Joanne tana lallashina, yarinyar tana da nata aikin. In kina son taimakona, ki yi mini addu'a ranar sha huɗu, ki kuma aiko mini da safar ulun nan irin ta bara, ƙafata tana daskarewa.

Ki gaishe mini da Trevor, ki ce ya ɓoye miki tsintsiya. Ki gaida ɗanki Neil da matarsa Bronwen, ki sumbaci ƙaramar Tilly, hotonta yana kan firij. Malcolm yana gaisuwa daga ƙarƙashin bargo, Joanne ma haka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Abu na ƙarshe, kin saba bugo mini waya da la'asar ɗinku, wadda take safiyarmu. Ki riƙa bari sai tara ta wuce. Daga takwas zuwa tara ina titi.

Ƙanwarki har kullum,
Hazel