Gangar Ume da ta Yi Fumfuna

Ni, Fumie Tsujimoto ta garin Minabe, da hannuna nake rubuta wannan. Rubutun ya karkace don shanyewar jiki ta taɓa hannun, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ruɗin tsufa ne. 'Ya'yana, Nobuharu da Sachie, ku karanta a ɗaki ɗaya, ko da kowa zai juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Na ɗaya. Gonar ume, itacen da muke adana 'ya'yansa da gishiri a ganga, taku ce ku biyu. Na san an kira mai awon fili farkon wata, don Sachie ta sayar da rabonta ta koma Osaka. Kun ɓoye mini, kun manta ƙofofin gidan nan na takarda ne. Kada a kafa turke ko ɗaya sai kun kai ƙarshen wasiyyar nan.

Na biyu. Mudun katako na surukata, na bar wa Nobuharu, tunda shi ke rantsuwa da shi. Ka rataye shi a bango, kada ka ƙara awo da shi. Tun ina amarya aka koya mini: mudu ɗaya na 'ya'yan ume, ƙoƙo ɗaya na gishiri. Abin da ba a faɗa ba shi ne, nakan ɗaga mudun in ji nauyinsa a wuyan hannu, in ƙara gishiri ko in rage. Hannun ne ma'aunin, ni ma ban gane ba sai da ya mutu.

Na uku. A damunar bana na auna da sikelin Sachie, ba wanda ya gan ni. Manyan 'ya'ya, mudu kilo ɗaya ne. Ƙanana, masu cike kowane gurbi, in aka yi tozo, kilo ɗaya da giram ɗari uku. Daga yau a auna nauyi: kowane kilo, gishiri giram ɗari da tamanin. Kada a ƙara dogara da ido.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci 'ya'yan suka fito ƙanana, Sachie ta zo da sikeli, na amince a gaban kowa ita za ta jera babbar ganga. Ran nan jikin mahaifinku ya tashi, ta ɗauke shi zuwa asibiti. Na tsaya ina kallon sikelin, raina ya ɓaci: ƙarfen jiya zai koya mini aikin shekara hamsin? Na ɗauko mudu na cika gangar da kaina, da hannun da shanyewar jiki ta riga ta kashe. Gishiri ya gaza. Da ta dawo na ce na ƙarasa mata bisa awon da ta rubuta, ta yi mini godiya.

Gangar ta yi fumfuna. Kun san abin da mutanenmu ke cewa: in ume ya ruɓe, mutuwa na ƙofar gida. Bayan kwana ashirin mahaifinku ya cika. A wurin makoki, Nobuharu, ka nuna ƙanwarka da yatsa ka ce, “Ke da sikelinki kuka jawo mana wannan.” Ina zaune a gefenka, ina riƙe da turare, na yi shiru. Tsoro ne da kunya. Shekara huɗu ke nan ba ku ci abinci a tebur ɗaya ba.

Na biyar. Nobuharu, ka taka da ƙafarka ka je wajen ƙanwarka, ka kuma faɗa a gaban dangin da suka ji maganar farko. Ciwon zuciya ya kashe mahaifinku, ba ganga ba.

Sachie, in bayan wannan kina son tafiya, ba mai hana ki, amma ki tafi da sunanki a wanke. Ni dai roƙona ki tsaya, ku riƙe gonar nan da gidan nan tare. Na sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, kakanni su tsare ku. Ban isa in ce ki yafe mini ba. Yayanki nake roƙar wa. Shi bai sani ba, ni na sani.