Awaki Bakwai A Outoul, Sha'irinsu A Kan Bene

Zuwa ga Shugaban kwamitin rabon tallafin korona ga makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, Tamanrasset.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku. Ranka ya daɗe, sunana Hadiza Abdu. A garin nan aka haife ni, a nan na yi lekkol, wato makarantar boko, na tafi jami'a a arewacin ƙasar nan na karanta ilimin tattalin arziki shekara huɗu, na dawo na tarar tattalin da ya karɓe ni shi ne sayar da cuku. Tebur ɗaya gare ni a kasuwa, a layin masu kayan Nijar, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Wannan wasiƙa tana buronku, wato ofishinku, da Larabci, an buga mata hatimi. Ta Hausar na rubuta ne domin a karanta wa wadda maganar ta shafa, ta ji abin da na faɗa a kanta. Na san ba za ta gagare ku ba, don na taɓa jin kuna tayin rago a kasuwa da Hausar da ta fi tawa kaifi.

Zan fara da godiya, kuma da gaske nake. Lokacin da aka rufe iyaka, aka tsai da taksi da motocin haya, dusa ta yi wuya, gwamnati ba ta manta da dabbobi ba. Kun raba sha'ir, kuma mai kyau ne, ba tsakuwa, ba ƙwari. Ina da hujjar faɗin haka, don wata da watanni ina kwana da shi a falona. Yadda ya zo falon shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Na farko. Ina da awaki bakwai. Ban taɓa tatsar ko ɗaya ba, kuma in aka haɗa su da na maƙwabta ba zan iya ware su ba. Suna ƙauyen Outoul, a hannun ƙanwar mahaifiyata, Inna Hajo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗan lambu da rijiya. Mu a wurinmu ana kiran wannan ba da kiwo. Wanda ya samu ɗan hali a gari ya sayi akuya ya kai wa ɗan'uwansa na ƙauye. Mai kiwo ya ciyar, ya sha nono, in an haihu a raba 'ya'ya yadda aka shirya. Mu shirinmu shi ne, haihuwar farko tawa, ta biyu tata. Da nonon take yin cuku, ta ci, ta aiko mini in sayar. Ba takarda, ba shaidu. Iyayenmu sun zo da al'adar daga Agadas, kuma ta riƙe tsofaffi da yawa tun kafin a san akwai kwamiti.

Na biyu. Ranar da ma'aikacinku ya je ƙidaya Outoul, da takunkumi a fuska da dogon littafi a hannu, ya samu Inna Hajo a tsakiyar awakin, ɗaya ma tana jan gefen zanenta. Ya tambaye ta ko nata ne. Tambayar da ke cikin takardarku ke nan, ban ga laifinsa ba. Ita kuma amsar da aka rene ta a kai ta bayar: "Amana ce, ɗana. Na 'yata ne da ke birni." Ya ce ta faɗi sunan 'yar da inda take, ta faɗa masa har da launin ƙofata. A gaban sunanta ya rubuta ba ta da dabba. A gaban nawa ya rubuta makiyayiya, awaki bakwai.

Ranka ya daɗe, da ya tambaye ta wa ke tashi da asuba ya ba su ci, da ta ce ita ce, har ta nuna masa kantar hannunta. Amma ku tara tsofaffin Outoul da na Abalessa, ku sa wuƙa a wuyansu, ba wadda za ta kira dabbar amana tata. Ba ɓoye dukiya suke ba. Abin kunya ne a wurinsu, kamar a ce mutum ya sa rigar aro ya tafi biki yana cewa shi ya ɗinka.

Na uku. Bayan sati biyu kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gidanmu. Gidan bene ne mai hawa uku, ni ina na ƙarshe. Aka kira sunana, aka sauke buhu shida, aka ce in sa hannu. Na ce awakin suna Outoul. Mai kamyon ya duba takardarsa ya ce shi adireshi aka ba shi, ba awaki ba. Maigidana ya hau da buhunan ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga ranar ya daina cewa karatuna bai kawo komai gida ba. Muka jera su jikin bango, na lulluɓa musu zane. Ashe kujeru ne masu daɗin zama, sai dai lokacin ba a zuwa gidan kowa, ba wanda ya more su sai mu.

Na huɗu, kuma nan ne na fara koyon abin da jami'a ba ta koya mini ba. Na je buronku neman takardar izinin ɗaukar abincin dabba, tunda ba motar da ke bin hanya da kaya sai da ita. An karɓe ni da mutunci, an fesa mini magani a hannu har sau biyu. Aka ce izinin ana ba da shi daga wurin ajiya zuwa wurin kiwo. Wurin ajiya gidana ne. Wurin kiwo kuma, a littafinku, gidana ne. Aka buga mini takarda mai kyau, da hatimi, wadda ta ba ni damar ɗaukar sha'ir daga gidana zuwa gidana. Tana nan na ajiye ta tare da takardar jami'a.

Wanda ya taimake mu shi ne Malam Isa, mai motar da ke kawo albasa da tumatir daga Outoul kowace safiya. Izininsa na kayan lambu ne, kuma mutum ne mai tsoron doka, don haka ya ce buhu ba zai ɗauka ba, amma saƙon 'ya zuwa ga innarta ba wanda zai hana. Kullum tiya biyu, wato kwanon awo biyu na sha'ir, a ƙunshe cikin ɗankwali, a ƙarƙashin kujerarsa. Ya ce wata rana wani jandarma a shinge ya buɗe ƙunshin, ya duba, ya tambayi shekarun tsohuwar, sannan ya ce a gaishe ta, Allah ya ƙara mata lafiyar haƙori.

Tiya biyu ga awaki bakwai ba abinci ba ne, lallashi ne. Nono ya ja baya, cuku ya tsaya. Daga baya na ji daga bakin Malam Isa, ba daga bakinta ba, cewa Inna Hajo tana raba garin tuwonta biyu, rabi a tukunya, rabi a kwanon awaki. Da na yi mata faɗa a waya, cewa ta yi ita in ta rame nata ne, amma in akuyata ta rame me za ta gaya mini. Wannan ita ce matar da littafinku ya ce ba ta da dabba.

Na biyar gajere ne. Da cuku ya tsaya, teburina ya tsaya. Na je neman tallafin masu ƙananan sana'o'i, a ɗakin da ke kallon na makiyaya. Aka duba aka ce ai ni makiyayiya ce, na riga na karɓi nawa, ba a ci biyu. Gaskiya ne kuwa, ban ci biyu ba. Ko ɗayan ma ban ci ba, ina zama ne a kansa.

Na shida. Nan laifin nawa ne, kuma zan faɗe shi da kaina kafin wani ya faɗa muku. Na rubuta ƙorafi cewa ba akuya a gidana. Amsar da ta zo ita ce za a turo mai bincike, kuma in bai ga dabba a adireshin ba, za a ɗauka an yi ƙaryar kiwo, a kwashe buhunan da suka rage a mayar sito. Na yi lissafi irin na masu digiri: in aka kwashe, ko tiya biyun ma ta yanke. Sai na aika wa Inna Hajo cewa ta ara mini akuyata ta kwana ɗaya.

Ta zaɓo Kyalla, babbarsu, mai farin goshi, wadda ke da ciki a lokacin. Ta iso a motar Malam Isa tsakanin buhunan albasa, ta ci rabonta a hanya. Akuyar duwatsu ce, hawa uku ba komai ba ne a wurinta. Ta haye benen nan kamar ita ke biyan haya, ta shiga falo, ta sunsuna zanen da na lulluɓa, ta yaye shi, ta fasa buhu. Karon farko ke nan da tallafin gwamnati ya haɗu da wadda aka yi shi dominta.

Mai bincikenku ya iso da hantsi, ya huta sau biyu a matakala. Ya tarar da akuya a kan kafet, kanta cikin buhu. Na zuba masa shayi, na fara yi masa bayanin duk abin da na rubuta muku a sama, tun daga Agadas. Ya saurare ni da ladabi. Ya tambayi ina sauran shidan, na ce suna Outoul. Ya gyaɗa kai, ya ce wato sun tafi kiwo. Sannan ya rubuta cewa an je, an gani da ido, akwai kiwo a wannan adireshi. Ya yaba ƙibar Kyalla, ya ce da kowa na kula da dabba kamar ni da an huta.

To, Ranka ya daɗe, kuskuren da a da ke rubuce da fensir, ni na kawo akuya ta mai da shi na biro. Yanzu na ji ana shirin rabo na biyu, kuma daga littafin farko za a kwafe sunaye. In haka ta faru, buhu shida za su sake hawa bene, ga ciwon bayan da maigidana ya samu a hawan farko bai gama warkewa ba, Inna Hajo kuma za ta sake raba garinta biyu. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai wani tsohon malamin lekkol a unguwarmu da ya ba da kiwon taguwa, wato raƙuma, a Tazrouk, shi ma abincinta yana ɗakin karatunsa. Shi dai ya gode Allah ba a ce ya kawo ta a gani ba.

Ga abin da nake roƙo.

Ku soke sunana daga littafin makiyaya. Ban taɓa jin wanda ya zo buronku yana roƙon a cire shi daga tallafi ba, don haka ina fata za a duba nawa da wuri, ko don baƙuntarsa.

Ku rubuta sunan Inna Hajo a gurbin, da adireshinta na Outoul, bayan rijiya, gidan da ke da dabino biyu a ƙofa.

Ku ƙara tambaya ɗaya a takardar ƙidaya. Bayan "na wa ne", a tambayi "a hannun wa suke kwana". Layi ɗaya ne, ba zai ci tawada ba, kuma zai kai hatsi bakin da ke jiransa a gidaje da yawa.

Buhu biyu da rabi da suka rage a falona, a ba Malam Isa izini na yini ɗaya ya kai su gaba ɗaya. Ɗankwalina ya gaji.

Maganar teburina kuwa, in nono ya dawo cuku zai dawo, in cuku ya dawo ba na bukatar komai daga ɗaki na biyu. Ku ciyar da akuya, ni na iya da sauran.

Akwai albishir da zan rufe da shi. Kyalla ta haihu makon jiya, mace, mai farin goshi irin na uwarta. Haihuwarta ta biyu ke nan, don haka bisa shirinmu 'yar ta Inna Hajo ce, halak malak. Na kira ta na ce to yanzu in ma'aikaci ya dawo sai ta ce tana da akuya. Sai ta ce: "Sai an yaye ta tukuna. Yanzu nonon uwarta take sha, uwar kuma taki ce."

Kun ji irin mutanen da kuke ƙidaya. In kuka jira ta ce nata ne, korona za ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ba ta faɗa ba. Ku rubuta mata kawai.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a, ya kare ku da iyalinku daga wannan cuta, ya ba mai bincikenku ƙarfin gwiwa, ya sa in ya tashi zuwa gaba Outoul zai nufa, inda ba matakala ko ɗaya.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Hadiza Abdu, mai cuku,
makiyayiya a littafinku, hawa na uku.